Rijiyar Kusugu: Tsakanin Tarihin Baka da Binciken Kimiyya

Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa abokin aiki. Da wuya a sami tsohon gari a ƙasar Hausa wanda ba a kan ruwa aka kafa shi ba, ko dai a gefen kogi, ko kusa da fadama, ko kuwa a kewayen wata rijiya da mutanen farko suka haƙa. Sunayen wurare ma sun isa shaida, domin a cikin birnin Kano akwai unguwannin Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu, a wajen ganuwa kuma ga Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki. A tsofaffin garuruwa da ƙauyuka irin na ƙasar Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, har yanzu rijiya ce madogarar gidaje da yawa, musamman idan bazara ta yi tsanani. Kuma duk inda rijiya ta daɗe, sai a tarar labari ya taru a bakinta: wata a ce da iskoki a ciki, wata a ce wani waliyyi ya yi alwala da ruwanta, wata kuma a ce ba ta taɓa ƙafewa ba.

Daga cikin irin waɗannan rijiyoyi babu wadda sunanta ya kai na Kusugu da ke Daura, a Jihar Katsina. Wannan maƙala za ta bi labarin Kusugu kamar yadda aka gada, sannan ta auna shi da abin da masana tarihi da masana kimiyyar ƙasa da likitoci suka gano, domin darasin da ke ciki ya shafi kowace tsohuwar rijiya, tun daga Daura har zuwa Rogo.

Labarin Kamar Yadda Aka Gada

Tarihin baka ya nuna cewa a zamanin da mata ne ke mulkin Daura, kuma sarauniyar da ake kira Daurama ce ta dawo da mazaunin sarauta daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake a yau. A tsakiyar garin akwai rijiya guda, a cikinta kuma akwai wani ƙaton maciji da ake kira Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a kaɗai.

Ana cikin wannan hali sai ga wani baƙo mai suna Bayajida, wanda aka ce ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya fara sauka a Barno, ya auri 'yar sarki, da zama ya yi tsami sai ya gudo yamma. Ya bar matarsa a Garun Gabas, ta wajen Haɗeja, inda ta haifi Biram. Ya biyo ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Tsohuwar ta ce masa, "Ɗana, ai mu nan ba ma samun ruwa sai ranar Juma'a." Baƙon ya karɓi guga ya nufi rijiya. Da ya zura gugan sai macijin ya riƙe, shi kuwa ya jawo shi har bakin rijiya, ya fille masa kai, ya ɗebi ruwa ya koma masauki.

Da gari ya waye aka ga gawar maciji, sai sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi. Mutane da dama suka yi ta ikirari, amma babu wanda ya iya kawo kan macijin sai baƙon nan. Maimakon rabin gari, sai ya nemi auren sarauniya. Ƙwarƙwarar da ta ba shi ta haifi Karɓagari, ita kuma Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida ne aka ce sun mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram, su ne Hausa Bakwai. Har yau masarautar Daura tana adana takobin da ake dangantawa da Bayajida, kuma ana tuna wannan labari a lokacin bikin Gani.

Yadda Masana Tarihi Suka Kalli Labarin

Tun kafin zuwan Turawa malamai sun rubuta wani abu game da asalin sarakunan Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya ambaci Bawo, amma ya danganta shi da Barno. Daga baya Baturen mulki H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo ra'ayin cewa Bayajida shi ne Abu Yazidu, wani jagoran tawaye da ya yaƙi daular Fatimiyya a Afirka ta Arewa, ya mutu a shekarar 947. W. K. R. Hallam ya sake nazarin wannan dangantaka a 1966. Sai dai shi Abu Yazidu a can arewa ya mutu, saboda haka masu wannan ra'ayi sukan ce mabiyansa ne suka tsallako Sahara bayan an murƙushe su.

Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya kawo wata fahimta dabam a 1970. A ganinsa, daulolin Hausa ba wani baƙo ne ya kafa su dare ɗaya ba. Sun tsiro ne a hankali, daga gida zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni, bisa ga noma da ƙira da fatauci. Binciken kayan tarihi ya ƙarfafa wannan, domin burbushin narkar da tama da aka samu a Dutsen Dala ya nuna ana sana'ar ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, alhali Tarihin Kano ya sa farkon sarautar Bagauda ɗan Bawo a wajen shekarar 999. Shi wannan littafi ya ambaci Ƙaraye a zamanin Sarki Yusa, a ƙarni na 12, a matsayin ƙasar da sai da aka kai mata yaƙi kafin ta yi mubaya'a. Ke nan garuruwa da rijiyoyinsu sun riga sarautun da suka zo suka tarar da su.

Akwai alamu a cikin labarin kansa da ke nuna cewa an yi ta sake masa riga. Ambaton Bagadaza da ranar Juma'a abubuwa ne da suka fi dacewa da al'ummar da Musulunci ya riga ya kafu a cikinta, kuma Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa masu yaɗa addini a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Wannan bai mayar da labarin tatsuniyar banza ba. Masana da dama suna ganin yana ɗauke da tunawa da manyan sauye-sauye guda uku: komawar mulki daga hannun mata zuwa hannun maza, gushewar tsohon addinin bautar iskoki, da kuma ƙulla zumunta tsakanin gidajen sarautar Hausa. Abin lura shi ne, duk waɗannan an rataya su ne a wuyan rijiya, domin a ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai ko takwas a shekara, wanda ya mallaki ruwa shi ya mallaki gari.

Maciji a Bakin Ruwa

Ba Daura kaɗai ke da labarin maciji mai tsare ruwa ba. Soninkawa na tsohuwar daular Wagadu, wadda aka fi sani da tsohuwar Gana, suna da labarin wani maciji mai suna Bida, wanda ake ba shi budurwa kowace shekara don a sami ruwan sama da zinariya. Da wani saurayi ya kashe shi don ya ceci wadda yake so, sai fari ya auka wa ƙasar, mutane suka watse. A Wagadu kashe macijin masifa ya jawo, a Daura kuwa sauƙi ya kawo. A Kano ma Tarihin Kano ya ba da labarin Kurmin Jakara, mai baƙin ruwa, wanda mutanen Barbushe ke tsoro suna girmamawa.

Ilmin halittu yana da bayani mai sauƙi game da abin da ke kai maciji rijiya. Maciji ba ya iya daidaita zafin jikinsa da kansa kamar yadda mutum ko akuya ke yi, saboda haka idan rana ta ƙwalle dole ya nemi wuri mai sanyi da laima. Bakin tsohuwar rijiya, da ramukan da ke jikin bangonta, da inuwar itatuwan da ke kewaye da ita, duk mafaka ce a gare shi. Bugu da ƙari, kwaɗi da ɓeraye da tsuntsaye suna taruwa inda ruwa yake, su ne kuwa abincinsa. Mesa, wadda ita ce mafi girman macizan Afirka, takan haura mita 4, kuma tana son zama kusa da ruwa. Ba ta da dafi, amma girmanta kaɗai ya isa ya hana mace ko yaro kusantar rijiya. Gamsheƙa ma takan yawaita a irin waɗannan wurare, ita kuwa dafinta na kisa ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce wani maciji na gaske ya taɓa zama a Kusugu, mutane kuma suka ɗauke shi a matsayin mai gadin ruwa.

Me Ya Sa Wata Rijiya Ba Ta Ƙafewa?

Mutanen Daura suna alfahari da cewa Kusugu ba ta ƙafewa. Domin fahimtar yadda hakan kan yiwu, sai an san inda ruwan rijiya ke fitowa. Idan aka yi ruwan sama, wani kaso yakan kwarara zuwa rafi, wani rana ta shanye, wani kuma ya nutse cikin ƙasa. Wanda ya nutse yakan ci gaba da tsiyaya ta tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa har ya iske dutse ko yumɓu da ba zai iya ratsawa ba, sai ya taru a kansa. Wannan shimfiɗa ta ƙasa da ta jiƙe sharkaf ita ce makwancin ruwa. Rijiya rami ne kawai da aka haƙa har ya shiga cikin wannan makwanci. Da damina fuskar ruwan takan taso, da rani kuma ta yi ƙasa. Rijiyar da gindinta ya zarce inda ruwan ke sauka a shekarar da ta fi kowace fari, ita ce ba ta ƙafewa.

Yanayin ƙasa yana da tasiri ƙwarai. Ƙasar Ƙaraye da Rogo tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda shekarunsa suka haura miliyan 500. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a wurare biyu: a cikin ɓangarensa na sama da ya ruɓe ya zama ƙasa, da kuma cikin tsagogin da ke jikinsa. Kaurin ruɓaɓɓen ɓangaren ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A nan ya zama 'yan mitoci kaɗan, a can gaba ya kai mita 30. Wannan ne dalilin da ya sa za a ga rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya, ɗaya tana ba da ruwa har ƙarshen bazara, ɗaya kuwa tun watan Fabrairu ta koma taɓo. Ta farkon ta dace da tsaga ko ƙasa mai kauri, ta biyun kuwa ta sauka a kan fa. A arewa, ta wajen Daura, ruwan sama bai kai na Rogo yawa ba, amma ƙasar ta fi yashi, shi kuwa yashi yana saurin shanye ruwa ya ajiye shi nesa da zafin rana.

Mahaƙa rijiya na da ba su da na'urar auna ƙasa, amma suna da ido. Sukan lura da inda gawo da ɓaure da giginya ke yin kore da rani, da inda suri ya yawaita, da kwarin da laima ke daɗewa. Rijiyar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki shaida ce ta ƙwarewar waɗanda suka zaɓi wurin. Waɗanda aka haƙa a mugun wuri tuni suka rufta aka manta da su, sai nagari suka saura, labari kuma ya taru a kansu.

Hikimar Ranar Juma'a

Akwai wani ɓangare na labarin Kusugu da ya dace da abin da masana ruwa suka sani. Ruwa ba ya shiga rijiya da gudu, tsattsafowa yake yi. Idan ana ɗiba fiye da yadda yake tsattsafowa, fuskar ruwan da ke kewaye da rijiyar takan lotsa kamar mazurari, guga ya fara kwaso laka. Idan aka ƙyale ta ta huta, sai ruwan ya dawo, lakar ta kwanta. Duk matar da ta taɓa yin sammakon zuwa rijiya da bazara ta san ruwan asuba ya fi na yamma yawa da tsabta.

Bisa ga wannan, ana iya fassara dokar ɗiban ruwa sau ɗaya a mako a matsayin hanyar rabon ruwa a garin da jama'arsa suka fi ƙarfin rijiyarsu. Dokar da ba ta da dogari kuwa, tsoro ne ke tsare ta. Haka abin yake ga sauran camfe-camfen da ake ji a bakin rijiyoyi, kamar hana wanki ko wanka a kusa, da hana zura kowane irin guga, da hana yara leƙawa da tsakar rana. Ko mene ne asalinsu, amfaninsu a fili yake: suna kare ruwan daga ƙazanta, suna kare yara daga faɗawa.

Ruwan Waraka a Ma'aunin Likita

A yau an kewaye Kusugu da gini, baƙi daga ciki da wajen Nijeriya suna zuwa su gani, su sha, wasu ma su cika jarka su tafi da shi gida saboda imanin cewa yana magani. Malaman addini sun sha jan hankali cewa waraka ta Allah ce, kuma ruwan da nassi ya tabbatar wa falala shi ne Zamzam. To, ita kanta rijiyar Zamzam, mai zurfin kimanin mita 30, hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya ta kafa mata cibiya ta musamman da ke auna yawan ruwanta da ingancinsa, ana kuma tace shi kafin ya isa ga alhazai. Girmama rijiya bai hana a gwada ruwanta ba.

Gaskiya ne ruwan rijiya yakan ɗauko sinadarai daga ƙasar da ya ratsa, kamar ƙarfe da alli da kanwa, shi ya sa ɗanɗanon wata rijiya ya bambanta da na wata. Amma daɗin ruwa da haskensa ba su ne shaidar lafiyarsa ba. A shekarar 1854 annobar kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa yawancinsu daga famfon rijiyar titin Broad suke sha. Har da wata mata da ke zaune nesa da unguwar, wadda take aikawa a ɗebo mata ruwan saboda ta fi son ɗanɗanonsa, ita ma cutar ta kashe ta. Daga baya aka tarar wani ramin ƙazanta ne ke tsiyaya cikin rijiyar.

Wannan darasi bai yi nisa da gida ba. A 1991 kwalara ta kama mutum kusan 59,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 7,600. A ɗaya gefen kuma, kurkunu, wanda ƙidayar 1988 ta nuna ya kama sama da mutum 650,000 a ƙasar nan, an kawar da shi ta hanyar tace ruwan kududdufi da samar da rijiyoyi masu kariya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi a 2013. Rijiya tana iya zama magani, tana kuma iya zama hanyar cuta. Bambancin yana ga kulawa.

Babban haɗarin da tsofaffin rijiyoyi ke fuskanta shi ne cunkoso. Rijiyar da aka haƙa a fili, yau gidaje sun kewaye ta, kowane gida kuma da masai. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai, a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti mai gangara, a sa murfi, a keɓe guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, a riƙa yashe ta ana zuba sinadarin kulorin, sannan a kai ruwanta ɗakin gwaji, musamman a farkon damina lokacin da ruwa ke wanko ƙazanta. Rigakafi dai ya fi magani.

Kammalawa

Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun sa hukumomi sun karkata ga manyan ayyukan ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, aka kuma kammala ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992, wadda ke iya ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Bayan haka rijiyoyin burtsatse suka yawaita, yanzu ma har da masu aiki da hasken rana. Babu mai musun amfanin waɗannan, sai dai suna da nasu sakamakon. A ƙasa mai dutse irin ta Ƙaraye da Rogo, inda makwancin ruwa ba shi da kauri, burtsatse da yawa a wuri ɗaya suna iya janye ruwan da tsohuwar rijiya ke dogaro da shi. Kuma da zarar famfo ya zo, sai a yi watsi da rijiyar, ta zama juji, daga baya a cike ta a yi gini a kai. Ranar da injin ya lalace, sai a koma kududdufi.

Hasarar ba ta ruwa kaɗai ba ce. Tsofaffin da suka san wanda ya haƙa rijiya, da shekarar da ta taɓa janyewa, da dokokin da ke kanta, suna ta ƙarewa. Irin wannan bayani yana da daraja ga masanin kimiyya, domin rijiyar da dattawa suka shaida ta tsallake farin 1973 ta nuna inda ruwa mai ɗorewa yake. Haƙar rijiya ma takan tono tarihi: a 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000.

Saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban jami'o'i, musamman na sassan tarihi da labarin ƙasa da kimiyyar sinadarai da harsunan Nijeriya. Ɗalibin da ya je hutu Ƙaraye ko Rogo ko wani gari, yana iya neman izinin mai gari, ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka sani game da tsohuwar rijiyar garin, ya auna zurfin ruwanta da igiya a watan Afrilu da kuma watan Satumba, ya ɗebo kaɗan a kwalba mai tsabta ya kai ɗakin gwaji. Kusugu ta tsira ne saboda masarauta da jama'ar Daura sun riƙe labarinta, sun kuma kula da ita. Sauran rijiyoyin da ba su yi suna ba su ma suna bukatar irin wannan kulawa, tun kafin a wayi gari rijiya ta bayar, guga ya hana.